Kwance sukurun da ya cije a sarƙar agogon hannu

Kwance sukurun da ya cije yana daga cikin ayyukan da suka fi ba masu gyaran agogon hannu wahala. An fi cin karo da shi a lokuta biyu: lokacin da za a cire maɗaurin agogo a sa wani, da lokacin da za a rage ko a ƙara gaɓoɓin sarƙa don ta zauna daidai a wuyan hannun mai ita. Sukurun da ake magana a kai, wanda mutane da yawa ke kira noti, ƙarami ne ƙwarai. Kaurin jikinsa yakan kasance tsakanin milimita 1 da milimita 2, wani ma bai kai haka ba. Saboda ƙanƙantarsa, tazarar da ke tsakanin ƙarfin da zai motsa shi da ƙarfin da zai cinye kansa ko ya karya shi 'yar kaɗan ce. Shi ya sa ƙwararrun masu gyara ba sa ƙara ƙarfi idan sukuru ya ƙi juyawa. Sukan tsaya su gano abin da ya riƙe shi tukuna, domin gam da tsatsa da ƙarfen da ya ci ɗan'uwansa kowanne da maganinsa.

Raunin ƙaramin sukuru yana da tushe a lissafi. Idan aka rage kaurin sandar ƙarfe zuwa rabi, ƙarfin murɗawar da za ta iya jurewa yakan sauka zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Ke nan sukuru mai kaurin milimita 1 yana jure kusan kashi ɗaya cikin 500 ne kawai na abin da noti mai milimita 8 na jikin babur zai jure, in ƙarfensu iri ɗaya ne. Hannun da ya saba da notin babur ko na janareta yana iya karya sukurun agogo ba tare da mai shi ya ji ya yi wani ƙarfi ba. Irin waɗannan ƙananan sukuru suna da ƙa'idarsu ta daban a duniya, wato ISO 1501, wadda ta ƙunshi masu kauri daga milimita 0.3 zuwa 1.4.

Wuraren da ake samun sukuru

Yawancin agogon hannu ba su da sukuru a wurin da maɗauri ya haɗu da jikin agogo. Abin da ke tsakanin kunnuwan agogo, wato ƙafafuwa huɗun nan da suka fito biyu sama biyu ƙasa, sanda ce mai sifirin a ciki, wadda ake danna bakinta ta fita daga rami. Faɗin da ke tsakanin kunnuwan yakan zama milimita 18 ko 20 ko 22. Amma akwai kamfanonin da suka zaɓi sukuru don ya fi ƙarfi. A agogon Luminor na kamfanin Panerai, dogon sukuru ne ke ratsa kunne ɗaya ya wuce ta cikin fatar ya ɗaure a ɗaya kunnen. A samfurin Radiomir kuwa, wayoyi ne lanƙwasassu ke riƙe da fatar, ƙananan sukuru kuma suna riƙe da wayoyin ta bayan agogon. Wasu samfuran G-Shock na kamfanin Casio suna da sanda mai kai biyu, kowane gefe da tsagarsa. Kamfanin Hublot yana yin kan sukurunsa da siffar harafin H, don haka sukudireba ta gama-gari ba ta shiga.

A cikin sarƙa, gaɓoɓin da ke kusa da maɓalli ne kaɗai ake iya cirewa. Tsarin da aka fi sani shi ne na Rolex, a sarƙar Oyster da ta Jubilee, wadda ta fito a shekarar 1945 tare da agogon Datejust. Dogon sukuru ɗaya ne yake ratsa faɗin gaɓar gaba ɗaya. Jikinsa sumul yake, haƙoransa suna can ƙarshe ne kawai, inda yake ɗaurewa a gefen da ke nesa da kansa. Omega da Grand Seiko suna da sarƙoƙin da aka yi wa wani tsari dabam: fil ne sumul a tsakiya, sai ɗan guntun sukuru a kowane gefe yana toshe ramin don kada fil ɗin ya fito. Kamfanin Sinn na birnin Frankfurt a Jamus yana amfani da sukuru mai rami mai kusurwa shida, wanda ake kamawa da makulli biyu, ɗaya ta kowane gefe. Sanin tsarin da ke gaban mutum yana da muhimmanci, domin shi ke nuna inda haƙoran suke, kuma inda haƙoran suke nan gam ɗin yake.

Abin da ya yi kama da sukuru

Kafin a ce sukuru ya cije, sai an tabbatar sukurun ne. Agogo masu sauƙin kuɗi, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwa, ana haɗa gaɓoɓinsu da fil da aka ninka biyu. Bakin wannan fil yana da tsaga a tsakiya, kuma ga wanda bai saba ba, tsagar ta yi kama da ta kan sukuru sak. Ko an kwana ana murɗa shi ba zai fito ba, sai dai ya yi ta juyawa a wurinsa ko ya buɗe ya ƙara kafewa. Alamar da ake dubawa ita ce 'yan kibiyoyi da aka zana a cikin sarƙar, ɓangaren da ke taɓa fata. Duk inda aka ga kibiya, fil ne, kuma ana tura shi ne ya fita ta inda kibiyar ta nuna, da siririn tsinken ƙarfe da 'yar guduma. Seiko da Citizen suna da sarƙoƙi masu fil da ɗan bututu ƙarami da ke matse shi. Bututun yakan faɗo ba a lura ba, kuma in aka mayar da fil babu shi, wata rana sarƙar za ta tsinke a hanya.

Akwai kuma sukurun da na gaske ne amma ba ta gaba ake kwance shi ba. Agogon Royal Oak, wanda Gérald Genta ya zana wa kamfanin Audemars Piguet ya fito a 1972, yana da kawuna takwas masu kusurwa shida a zoben fuskarsa, kowanne da tsaga. Kawunan suna zaune ne cikin ramuka masu kusurwa shida, ba su da hanyar juyawa. Ta bayan agogon ake ɗaure su.

Batun hagu da dama ba ya cika tasowa a nan. Sukurun sarƙa da na kunne suna kwancewa ne idan an juya su akasin tafiyar hannun agogo. Sukuru mai kwancewa ta ɗaya hannun yana cikin injin agogo, inda akan yi masa layi uku a kai don gargaɗi.

Dalilan cijewa

Babban dalili a sabon agogo shi ne gam, kuma da gangan kamfani ya sa shi. Duk lokacin da hannu ya motsa, gaɓoɓin sarƙa suna lanƙwasawa a kan sukurun da ya haɗa su, wannan gogayya kuma tana iya warware shi a hankali har ya zame. Mai agogo ba ya sani sai agogon ya faɗi. Don hana haka ake ɗiga wani gam na musamman a haƙoran. Vernon Krieble, malamin kimiyyar sinadarai a kwalejin Trinity da ke Hartford a Amurka, shi ya samar da shi a 1953, aka fara sayar da shi da sunan Loctite a 1956, kuma tun 1997 sunan yana hannun kamfanin Henkel na Jamus. Wannan gam ya saɓa da wanda aka saba gani. Muddin yana samun iska ruwa ne, sai ya shiga matsatsin wuri tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda babu iska yake daskarewa ya zama roba mai tauri. Dalilin da ya sa ba a cika kwalbarsa har baki ke nan.

Ana bambanta ƙarfinsa da launi. Mai launin shunayya, kamar lamba 222, shi ne mafi rauni, kuma an yi shi ne don ƙananan sukuru da za a so a kwance da kayan hannu. Shuɗi, lamba 242 da 243, matsakaici ne. Ja, kamar lamba 271, na ɗaurin dindindin ne, kuma umarnin masu yin sa shi ne a gasa wurin zuwa wajen digiri 250 a ma'aunin Salshiyas kafin a kwance. Na shunayya ne ya dace da sarƙar agogo. Shuɗi ma ya yi wa sukuru mai milimita 1 yawa, balle ja. Matsala mafi muni ita ce idan wani da ya taɓa gyara agogon ya ɗiga supa gulu, domin shi yakan bi ramin gaba ɗaya ya manne har jikin sukurun da gaɓar.

A tsohon agogo kuwa, dauɗa da tsatsa ne suka fi yawa. Gumi yana da gishiri, kuma yana taruwa a ramukan sarƙa tare da sabulu da man shafawa da ƙura. A ƙasashe masu zafi, inda ake gumi da yawa kuma ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, wannan haɗi yakan bushe ya yi tauri kamar siminti. Ƙarfen da ake kira marar tsatsa yana ɗauke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata mai kare shi. A cikin matsatsin rami mai danshi da gishiri, iska ba ta isa ta sabunta wannan fata, don haka ƙarfen yakan ci ta ciki alhali wajensa yana ƙyalli. Wannan ya shafi ƙarfe mai lamba 316L da yawancin kamfanoni ke amfani da shi. Mai lamba 904L na Rolex ya fi shi jure gishiri, amma bai hana dauɗa taruwa ba.

Dalili na uku shi ne ƙarfe ya ci ƙarfe. Idan aka ɗaure sukuru da ƙarfi fiye da kima, ko aka shigar da shi a karkace, fatar nan mai karewa takan goge, sai ƙarfen sukuru da na rami su manne da juna kamar an yi musu walda. Ƙarfe marar tsatsa da titaniyam suna cikin ƙarafan da suka fi yin haka. Alamarsa ita ce sukurun ya fara juyawa, maimakon ya yi sauƙi sai ya riƙa ƙara tauri. Ana kuma samun dogon sukurun da ya lanƙwashe saboda an fizgi sarƙar ko agogon ya faɗi, wanda yakan kwance daga haƙora amma ya ƙi zarewa.

Sukudireba

Mafi yawan kawunan sukuru da suka lalace, sukudireba ce ta lalata su, tun kafin a kai ga batun gam. Abu biyu ake aunawa a bakinta. Faɗinsa ya kusan cika tsawon tsagar, amma kada ya wuce ta, don kada ya karce bakin ramin da kan sukurun ke ciki. Kaurinsa kuma ya cika tsagar har ba ya girgiza. A sarƙar Oyster akasari ana amfani da mai faɗin milimita 1.6, a Jubilee kuma 1.4. Masu ƙera kayan aikin agogo, irin su Bergeon da Horotec na ƙasar Suwizalan, suna sa wa kowane girma launinsa a mariƙi don a gane shi da kallo ɗaya.

Siffar bakin ta fi girmansa muhimmanci, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Sukudireba ta gama-gari bakinta kamar na gatari yake, siriri a ƙasa yana ƙara kauri zuwa sama. Tsagar sukurun sarƙa kuwa bangonta biyu a miƙe suke. In aka sa mai bakin gatari, leɓen tsagar na sama kawai take taɓawa, kuma da an murɗa sai gangaren bakin ya riƙa tura ta waje. Ƙarshenta ta zame, ta tafi da leɓen tsagar, ta ja dogon karce a gefen gaɓa, wani lokaci ta shige yatsa. Wadda ta dace ita ce wadda aka wasa gefenta biyu suka zama a miƙe daga baki, yadda za ta zauna cikin tsagar ta kama bangon daga sama har ƙasa. Da irin wannan baki, ƙarfin murɗawa yana bazuwa a kan bangon duka.

Masu gyara suna wasa bakin sukudirebarsu a kan dutse don ya dace da sukurun da ke gabansu, kuma wannan aikin minti biyar yakan ceci gaɓar da kuɗinta ya ninka na sukudirebar sau da yawa. Jerin ƙananan sukudirebobi masu araha da ake sayarwa don gyaran tabarau ƙarfensu yana da taushi. Bakinsu yakan murɗe ko ya ɓalle a kan sukurun da aka sa wa gam, kuma baki murɗaɗɗe ba abin da yake yi sai ɓarna. Mariƙi mai ɗan kauri yana taimakawa, domin yana ba yatsu damar juyawa a hankali ba tare da karkarwa ba, amma shi ma yana sauƙaƙa karya sukurun ga wanda bai san iyaka ba.

Ga sukuru mai tsagar gicciye, kamar na agogon Casio da sauran na Japan, akwai wani tarko. Ana yin su ne bisa ƙa'idar Japan ta JIS, wadda ta ɗan bambanta da ta Phillips. Sukudirebar Phillips tana shiga, amma ba ta zama daram, kuma tana saurin cinye gicciyen. Haka nan ana guje wa sukudireba mai maganaɗisu kusa da agogo mai inji, domin maganaɗisu yana sa siririn sifirin da ke daidaita lokaci ya manne da kansa, agogon ya riƙa gudu.

Yadda ake riƙe aikin yana daga cikin kayan aiki. Ba a riƙe sarƙa a tafin hannu a murɗa. Ana tsayar da ita a gefenta cikin mariƙi na roba ko katako mai tsaga, a kan teburin da ba ya motsi, a manna salatif a kewayen ramin don kare ƙyallin. Sukudirebar tana tsayawa a miƙe, ana danna ta ƙasa da ƙarfin da ya fi na juyawa. Wasu kan fara ɗan matsa sukurun kaɗan ta hanyar ɗaurewa kafin su juya baya, don a fasa abin da ya riƙe shi. Idan an yi yunƙuri ɗaya ko biyu da baki mai kyau bai motsa ba, sai a dakata. Kowane zamewa yana rage abin da yunƙuri na gaba zai kama.

Zafi

Maganin gam shi ne zafi. Gam ɗin da ya daskare ba ya narkewa ya koma ruwa, amma yana laushi ya rasa ƙarfinsa idan ya yi zafi, kuma yana sake kamawa idan ya huce. Saboda haka ana murɗa sukurun ne tun yana da zafi, kuma akan shirya mariƙi da sukudireba kafin a fara gasawa.

Sharaɗi na farko shi ne a raba sarƙar da kan agogon. A cikin agogo akwai zobban roba masu hana ruwa shiga, da man inji, da batir a masu batir, wasu kuma gilashinsu na roba ne, kuma duk zafi yana lalata su. Wannan ne ya sa sukurun kunne ya fi na sarƙa wuyar sha'ani, tunda yana jikin agogon ne, ba yadda za a raba su. A nan ba a wuce ɗumi kaɗan a daidai bakin kunnen, kuma idan bai yi ba, aikin ya zama na wanda zai iya fitar da injin daga gidansa tukuna.

Ana farawa da mafi sauƙi. A tsoma gefen sarƙar cikin ruwan da aka sauke daga tafasa na 'yan mintoci. Ruwa ba ya wuce digiri 100, don haka ba ya canza launin ƙarfe, kuma sau da yawa ya isa ga gam mai launin shunayya, ga shi yana jiƙa dauɗa a lokaci guda. Na'urar busar da gashi tana yin kusan aiki ɗaya. In hakan bai isa ba, sai a koma ga ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo da waya, wanda ya fi kowace hanya kyau saboda yana kai zafi wuri ɗaya tak. Ana ɗora bakinsa na 'yan daƙiƙoƙi a daidai inda haƙoran suke. A tsarin dogon sukuru, wurin yana gefen da ke nesa da kan sukurun, kuma masu koyo da yawa suna ɓata lokaci suna gasa kan alhali gam ɗin yana ɗaya gefen. A tsarin guntayen sukuru biyu, haƙoran suna nan ƙarƙashin kai. Dole bakin ƙarfen ya zama a goge tas, musamman idan sarƙar ta zinariya ce, domin dalma tana cin zinariya ta bar tabon da ba ya gogewa.

Harshen wuta na laita yana aiki, kuma masu gyara da yawa suna amfani da shi, amma shi ne mafi haɗari. Yana barin baƙin hayaƙi, ba a iya auna zafinsa, kuma idan aka daɗe ƙarfen yakan sauya launi zuwa ruwan ƙasa ko shuɗi. Ba a kusantar da shi ga sarƙar da aka yi wa ruwan zinariya ko baƙin rufi, ko mai gaɓoɓin roba ko na tangaran, wanda zafin farat ɗaya ke iya tsagawa. Ba a kuma gasa sukudirebar kanta don ta kai zafi cikin sukuru, domin wuta tana kashe taurin bakinta.

Idan supa gulu ne, asiton yana narkar da shi, wato sinadarin da ke cikin yawancin ruwan goge jan farce. Ana jiƙa gaɓar a ciki na wani lokaci. Asiton yana cin roba da gilashin roba da fenti, don haka ƙarfe zalla ake sa wa.

Jiƙawa da mai

Ga dauɗa da tsatsa, haƙuri ya fi zafi amfani. Ana wanke sarƙar da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a sakace tsagar kan sukurun da tsinke har ƙasanta, domin tsagar da ta cika da dauɗa ba ta barin sukudireba ta zauna. Shagunan da ke da injin wanki mai girgiza ruwa da sauti suna sa sarƙar a ciki, ban da kan agogon. Daga nan a ɗiga mai mai ratsa tsatsa, irin WD-40, ko kananzir, a bakin ramin ta gefe biyu, a bar shi ya kwana. Ɗan bugu mai sauƙi a kan mariƙin sukudireba yayin da take zaune cikin tsaga yana taimakawa wajen fasa tsatsar. Mai ba ya narkar da gam ɗin kamfani, kuma yana ɓata fata da roba, don haka ba a ɗiga shi a kunne alhali maɗaurin fata yana jiki sai in an haƙura da fatar.

Inda ƙarfe ya ci ƙarfe, zafi ba ya yin wani tasiri sosai. Ana sa mai, a riƙa juyawa gaba da baya kaɗan kaɗan, ana ƙara tazara a hankali. Sukurun da ya fito ta wannan hanya haƙoransa sun riga sun lalace, sabo ake sawa.

Sanda mai kai biyu

Wannan tsari yana ruɗar mutane domin sukurun yana juyawa lafiya amma ba ya fita. Dalili shi ne ɗaya gefen yana juyawa tare da shi. Ana bukatar sukudireba biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta murɗa, kuma da yake hannu biyu ba sa isa a riƙe agogo da sukudireba biyu, akan kafa ɗayar a mariƙi bakinta yana kallon sama, a ɗora kan sandar a kai, a murɗa ta sama. Akwai katakon aiki da aka ƙera musamman da baki a kafe don wannan.

Idan kai ya cinye ko sukuru ya karye

Abu na farko da ake tambaya shi ne ko dole ne a kwance wannan sukurun. Wajen rage sarƙa, sau da yawa ba dole ba ne. Kowane gefe yana da gaɓoɓi da dama masu cirewa, kuma ana iya barin wanda ya cije a wurinsa a kwance na gaba da shi. Ana ma iya kwance na gabansa da na bayansa a fitar da gaɓoɓi biyun da ya haɗa a matsayin abu ɗaya, in tsawon da ake son ragewa ya kai haka.

In babu makawa, hanyoyin da suka rage duk na bita ne. Idan kan ya ɗan fito waje, ana iya zurfafa tsagar da siririn magagari. A yawancin sarƙoƙi kan yana nutse cikin rami, don haka sai dai a huda tsakiyarsa da siririn mahuji a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, aikin da kuskuren rabin milimita ke lalata gaɓa. Wasu manyan shaguna suna walda wani ɗan ƙarfe a kan guntun da ya karye da hasken leza, su kama shi su murɗa. Akwai tsohuwar dabarar masu gyaran agogo ta jiƙa abu cikin ruwan alimun mai ɗumi, wanda ke cinye karyayyen sukuru na baƙin ƙarfe ya bar tagulla ko zinariya lafiya. Tana aiki a farantin injin agogo, amma ba ta da amfani a sarƙar da ita da sukurunta duk ƙarfe marar tsatsa ne. Ga agogo mai tsada da ke cikin wa'adin garanti, yana da kyau a san cewa garanti yawanci ba ya ɗaukar ɓarnar da mai agogo ya yi da hannunsa.

Mayarwa da daidaita tsawo

Yadda aka mayar da sukuru shi ke nuna ko zai cije wa mai kwance shi na gaba. Ana kankare tsohon gam daga haƙora, a wanke sukurun da ramin da sifirit don cire mai, domin gam ba ya kama wuri mai maiƙo. Ɗigon da ake bukata bai wuce abin da bakin tsinken sakace zai ɗauka ba. A tsarin dogon sukuru an fi so a sa shi cikin ramin haƙoran maimakon a jikin sukurun, domin sukurun da aka shafa wa gam yana goge shi a cikin gaɓar tsakiya yayin wucewa, gaɓar ta sandare. Kafin a fara ɗaurewa akan ɗan juya sukurun baya har a ji ya faɗa mazauninsa, don kada ya hau a karkace. Ana tsayawa da zarar ya zauna, a lanƙwasa gaɓar a ga tana motsi. Gam ɗin yana ɗaukar sa'o'i 24 kafin ya gama kamawa, kuma a kan ƙarfe marar tsatsa da titaniyam ya fi jinkiri, don haka ba a jiƙa agogon a ranar.

Wajen zaɓar gaɓoɓin da za a cire, abin da ake nema shi ne maɓalli ya zauna a tsakiyar cikin wuyan hannu. Wannan yakan sa gefen ƙarfe 6 ya ɗan fi gefen ƙarfe 12 gajarta, musamman ga mai siririn hannu. Ana barin sararin da ƙaramin yatsa zai iya shiga ƙarƙashin maɓallin, domin hannu yana kumbura da zafi yana kuma saɓewa da sanyi, sarƙar da ta yi daidai da hunturu tana iya matsewa da bazara. Ba kowane gyara ne ke bukatar taɓa sukuru ba. Yawancin maɓallai suna da 'yan ramuka a gefe inda ake matsar da sanda mai sifirin a sami milimita kaɗan. Tsarin Easylink na Rolex yana ƙara milimita 5 da hannu kawai, Glidelock kuma yana kai wajen milimita 20, biyu biyu. A agogon Santos da Cartier ya fitar a 2018, kowace gaɓa mai cirewa tana da ɗan madanni a cikinta da ake dannawa da yatsa sandar ta fito. Gaɓoɓin da aka cire ana adana su tare da sukurunsu a cikin ramukansu, domin sayen gaɓa ɗaya ta asali daga baya yana da tsada, ta tsohon samfuri kuma wani lokaci ba a samunta sam.